Mai Kai Shayi a Tahtakale

Kafin ladan ya gyara murya
na riga na ɗora ruwa.
Sunana Zekeriya, amma a Tahtakale
ba mai wahalar kira na:
a ƙwanƙwasa bututun ƙarfe sau biyu,
na san hawa na uku na jin ƙishi.

Baƙi na bin babban titi, kyamara a wuya,
su sayi alewa a kwali mai ƙyalli,
su koma jirgin ruwa, wai sun ga Istambul.
Ni kuwa ƙofar da ba ta da suna nake shiga,
faranti na lilo a yatsu uku,
kofi tara, ko ɗigo ba ya zuba.

Hawa na farko, Hikmet mai gyaran laima.
Shi kaɗai ne a unguwar nan
ke fushi in gari ya waye garau.
Ya leƙa taga, ya harari sama:
"Wata guda ko yayyafi! Rubuta a bango."
In rubuta da alli.
Bango ya kusa cika, hadari muke jira ya biya.

Gaba da shi Ferhunde,
allura a baki, tana sake wa carbi zare.
Ta ce ƙwayoyin ba su iya ƙarya ba:
wanda ya suɗe, mai shi na da ɗa a asibiti,
wanda ke ƙyalli, aljihu kawai ya sani.

Da azahar 'yan dako kan sauke duniya daga baya
su tsaya gun Nurettin mai ruwan tsami,
kabeji da barkono sun kwana arba'in a kwalba.
Kurɓin farko fuska ta yamutse kamar tsumma,
na biyu ido ya buɗe,
na uku mutum ya tuna yana da ƙafa.
Can gefe yaro na ɓare ƙumbar teku
cike da shinkafa, ya matsa lemo, ya miƙa.
Ba a cewa ta nawa. Ci kawai,
in ka ƙoshi a ƙirga ɓawo.

La'asar sakaliya, kwando kan sauko da igiya
daga taga ta biyar.
Madam Araksi ce: burodi ɗaya, shayi marar sukari.
Shekara goma sha biyu ina cika kwandon nan,
hannunta kawai na sani.

Amma daren Alhamis, hau har ƙarshen bene,
tura ƙofar da ta yi tsatsa.
Nan ake gwanjon tattabarai
masu alkafura a sama, zobe a ƙafa.
Mutanen da suka wuni suna rantsuwa a kan kwabo
sai ka ga sun zube cinikin wata
saboda fiffike.
Jiya wa zan gani ya ɗaga hannu
kan wata fara mai baƙin wuya?
Hikmet.
Muka haɗa ido. Ya duƙa yana gyara takalmi.
Ban ce komai ba. Tsuntsuwar ta isa a ci bashi.

Sha ɗaya saura, shaguna sun ja ƙarfe,
kyanwoyi sun karɓi unguwa.
Daga gangare murya ta taso, doguwa:
boooza!
Gero ne mai kauri, tsami-tsami,
an barbaɗa masa kirfa.
Na zauna a matakala, gwiwoyi na ƙara.
Yau kofi ɗari uku na kai wa mutane,
wannan ne kaɗai aka miƙo mini.

Ban kai rabi ba na ji ɗigo a hula.
Wani kuma a hannu.
Gobe Hikmet zai tashi da dariya,
ni kuma in tafi da jiƙaƙƙen soso.